Maiƙo a Lakar Misis Direen

Saukowata ke nan daga motar aiki na ji maƙwabciyarmu Misis Direen tana ƙwala mini kira ta kan shinge. Firizarta ta tsaya, ita kuma ciwo ya riga ya cinye mata ƙarfin hannu.

"Jarrod, bar tsayuwa kamar turke. Zo ka ɗauki wannan ka kai firizar uwarka."

Bututun ƙarfe ne, tsawon kamu ɗaya, cike da daskararriyar laka. Duk unguwarmu a Dover an san shi. Shekara arba'in da suka wuce ta ciro shi daga ƙasan teku, kudu da tsibirinmu, lokacin tana aiki a jirgin bincike. Muna yara takan zaunar da mu a barandarta, ta raba mana tuffa, ta ce ƙananan tsiron teku in sun mutu maiƙonsu yana sauka ƙasa, ƙwayoyin halitta su cinye wani, wani ya sauya, wani ya kwanta ya yi shekaru. Aikinta ke nan, auna abin da ya rage. Mu tuffar muke so.

A hanya murfin ya zame. Lakar ta fara laushi, ta leƙo. Na sa babban yatsa na danna ta ciki, na rufe. A gonar kifi nake aiki tun da na bar sakandare, ranar kuwa tun safe nake fiɗa, hannuna duk maiƙon kifi. Ban ce wa kowa komai ba.

Tsoron ɓacin lakar ya sa ta aika wa wani tsohon ɗalibinta a Hobart ya zo ya yanki lakar bakin bututun ya auna. Bayan sati uku ya bugo waya. Wai ya tarar da irin maiƙon da ke saurin lalacewa, mai yawa, sabo fil kamar jiya ya sauka.

Ban taɓa ganinta haka ba. An riga an sauko mata da gado falo, amma ta sa jan baki, ta sha rabin kwanon miya. Ta yi ta ba mahaifiyata labarin jirgin: mai dafa abincin da ya rantse laka ba za ta shiga firizarsa ba, da igiyar ruwan da ta jefar da ita daga kan gado har sau biyu. Ta ce in awon ɗalibin ya tabbata, duk abin da ta rubuta a rayuwarta sai an sake dubawa, kuma ta yarda.

Mahaifiyata ta gane daga fuskata cewa da hannuna a ciki. Ta ce in bar baiwar Allah ta tafi da farin cikinta, kwana nawa ya rage mata.

Kwana huɗu na yi ina zagaye ƙofar. A na biyar na shiga da rana, na tsaya a ƙarshen gadon, na faɗa mata abin da na yi.

Ta daɗe tana kallon silin.

"Da wane yatsa?"

Na ɗaga shi.

"Ka wanke hannu kafin nan?"

Na ce a'a.

Dariyar ta fito da tari. "Shekara arba'in ina korar manyan masana daga lakata saboda rashin safar hannu, sai ga mai fiɗar kifi ya yi mini sa hannu." Ta share ido. Jan bakin ya ɓata mata haɓa. "Sakarai. Da ka bari na mutu da ƙarya a baki, da ban yafe maka ba."

Ta sa na ɗauko bututun, na sa safar hannu biyu, na yanki lakar ɗaya bakin da wuƙar da aka ƙona a wuta, tana gyara mini riƙo daga kan matashi. Muka aika wa ɗalibin ya sake aunawa. Daga ranar ba ta sake shan miya ba. Ranar Lahadi da safe ta cika.

Sakamakon ya iso bayan an rufe gidan, da sunana a bayan ambulan. Takarda ɗaya ce. Ɗalibin ya rubuta a ƙasa cewa maiƙon saura kaɗan, kuma akasarinsa ya sauya, daidai yadda ta daɗe tana faɗa. Na zauna a matakalar barandarta da takardar a gwiwa. Layin awon da aka zana a jikinta ya miƙe a kwance, sai ɗan tudu nan da can. Ruwa ya janye a gaɓa, tsuntsaye suna ta caka baki cikin laka.