Igiyar Alƙasim

Alƙasim mai igiya ne. Magajin gari ya sa shi tsare bakin kasuwa, inda babbar hanya ta ratsa: ya ɗaura igiya daga wannan gawo zuwa wancan, duk amalanken albasa da ya zo sai ya yanki tikiti. Tikiti na hukuma ne. Amma kwandon albasar da ake sauke masa daga kowane amalanke, wannan nasa ne da na manyansa.

To, sai magajin garin da ke hayin ƙorama ya kwance tasa igiyar, ya ce tikiti kawai, ba kwando. Ya kuma zuba tsakuwa a hanyar kamiyo, motocin ɗaukar kaya. Kafin albasa ta sake nuna, manyan motoci duk sun koma can. Masu tuwo suka bi su, masu shayi suka bi masu tuwo. Kasuwar su Alƙasim kuwa ta koma wurin kwanciyar awaki.

Magajin garinsu ya kira shi. "Tafi ka lallaso mana mutane. Ai sun san ka."

Sun san shi kuwa, Allah Sarki! Yana shiga kasuwar hayi aka fara: "Mai igiya! Ka manto kwandon?"

Yana dariyar dole, sai ga tsohuwarsa Cima zaune bayan tsibin albasar garkarsu.

"Inna! Har ke?"

"Tun bara."

"Ta ina kike biyowa? Ban taɓa ganin kin wuce ba."

"Ta cikin ƙorama, ni da jakin maƙwabcinmu Isufu. Rairayi har ƙwauri."

"Haba Inna. Da kin biyo ta wajena, wa zai taɓa miki kwando?"

"Abin da nika gudu ke nan. In wuce salin alin, Hamdiya mai marayu tana bayana, ka sauke mata kwando tana kallona? Da wane ido zan dube ta?"

Hamdiya kuwa tana nan gefe, ta sunkuyar da kai tana tsintar bawo.

Alƙasim bai lallashi kowa ba ranar. Ya jira har aka watse, ya ɗora Inna a jaki, ya jawo shi ta babbar hanya. Da suka iso gindin gawo ya tsaya yana kwance igiyar. Ƙullin ya ciza, sai da ya sa haƙori.

"Mi za ka ce ma magaji?" in ji Inna.

"Ban sani ba tukuna."

"To miƙo ta nan. Akuyata ba ta da ɗauri."