Rabin Eka a Kan Tudu

A ofishin magatakardan kotun gundumarmu kowa ya san layin Mis Verna Caudill ba ya sauri. In kana gaggawa, bi layin 'yan matan da ke bakin taga, su zura takardarka a na'ura, su buga hatimi, ka kama gabanka. Ita kuwa in ka kawo mata takardar sayar da fili, sai ta duba lambar kundi da shafin da tsohuwar takardar filin take, ta ja ƙafarta mai ciwo zuwa ɗakin ajiya, ta kinkimo kundin ta dire a kan teburinta. Sannan ta karanta wa mai saye da mai sayarwa, da ƙarfi, tsohuwar da sabuwar. Haka ta tarar ana yi tun ana kwafar takardu da hannu, kuma zuwan kwamfuta bai sa ta fasa ba.

Mista Ratliff, shugaban ofishin, ya yi magana har ya gaji.

"Mis Verna, aikinmu karɓa da hatimi. Mu ba lauyoyi ba ne. Ranar da kika ce wa wani gyara nan, cire can, ranar za a maka mu a kotun da ke saman kanmu."

"Na taɓa ba wani shawara?" in ji ta. "Karatu nake yi. Ko an hana karatu a jihar nan ta Kentucky ne ban ji ba?"

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. Doka ta ɗaure mata baki: takarda in ta cika ƙa'ida, ko ɓarna ce a cikinta, sai ta shiga kundi. Abin da ya burge ni da matar nan ke nan, ba ta taɓa tsallake wannan iyaka ba, kuma ba ta taɓa fakewa da ita ta yi ko-in-kula ba.

Wata Talata Harlan Stamper ya shigo yana dogara sanda, sanye da rigarsa ta zuwa coci. 'Yarsa Darlene na riƙe da gwiwar hannunsa, maƙwabcinsa Dewey Slone na biye da hula a hannu. Tun da Harlan ya faɗi a rumfar shanu ya karya ƙugu, Darlene ta kafe sai ya koma wurinta a jihar Ohio. Gonar kuwa Dewey zai saya, yaron da ya tashi yana cin wake da burodin masara a kicin ɗin Stamper. Darlene ce ta buga takardar da kanta, daga hoton tsohuwar da ta samu a akwatin uban, an kuma riga an sa hannu gaban shaida.

"Verna, har yanzu ba su kore ki ba?" in ji Harlan.

"Suna jira ka mutu tukuna, kada ka rasa mai yi maka faɗa. Kawo."

Ta duba takardar. Sa hannu ya yi, shaida ta yi, babu abin da zai hana ta hatimi. Ta shiga ciki ta ɗauko kundin, ta buɗe inda mahaifin Harlan ya mallaka masa gonar. Ta bi iyakokin da yatsa har ƙasan shafi, sannan ta juya, don ita ba ta yarda da ƙasan shafi ba sai ta ga bayansa. A saman shafi na gaba akwai sauran layi uku.

Layukan sun ce an cire rabin eka a kan tudu, makabartar dangin Stamper, tare da hanyar zuwa wurin, ta zauna a buɗe ga dangi har abada. Hoton da Darlene ta kwafa shafi ɗaya ne, don haka sabuwar takardar ta tsaya a iyakar gona ta yi shiru. Verna ta san tudun nan. Bara waccan ta tsaya a kansa cikin ruwan sama aka binne Opal, matar Harlan, wadda suka yi waƙar coci tare tun suna 'yan mata. In takardar ta shiga haka, duk wanda ya zo binciken mallakar filin nan gaba ita zai fara gani, ya ɗauka tudun ma nasa ne, ya ja wayar shinge ya sa kwaɗo. Daga nan sai dangi sun je gaban alƙali kafin su kai wa Opal fure.

Ga shi ba ta da ikon cewa uffan. Mista Ratliff na tsaye a ƙofar ofishinsa da kofi a hannu.

"Mis Verna, don Allah a bar karatun nan," in ji Darlene. "Kalma da kalma na kwafa. Ga tafiya a gabanmu, ga ƙugun Baba."

"Ƙugun babanki ya ga abin da ya fi wannan. Dewey, jawo masa kujera. Harlan, wane kunnen ne mai aiki yau?"

"Na hagu, in ya ga dama."

Ta zagayo ta hagunsa, ta gyara tabarau, ta fara da tsohuwar. Daga dutsen da aka kafa a bakin rafi, a bi ruwa zuwa bishiya mai rassa biyu, a hau gangare zuwa shingen Slone. Harlan ya lumshe ido yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi, kamar mai bin waƙar da ya haddace. "Bishiyar nan tsawa ta kayar da ita," ya ce, "amma kututturen na nan." Verna ta juya shafi ta karanta layi ukun da murya ɗaya da sauran, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Darlene na duba wayarta. Harlan ya gyaɗa kai kawai, ita kuwa Verna ta kasa gane ko ya ji.

Ta ɗauki sabuwar. Dutse, rafi, bishiya, shinge, a dawo kan dutsen da aka fara. Nan takardar ta ƙare. Tsoro ya kama ta sosai, don in bai ce komai ba, hannunta ne zai buga hatimin.

Harlan na nan ido rufe yana jira.

"Ci gaba mana," ya ce.

"Iyakarta ke nan."

Ya buɗe ido. "To ina Opal?"

Darlene ta fizgi takardar, ta leƙa kundin, ta ga shafin da ba ta taɓa gani ba. Ta dafe baki. "Wayyo Baba! Na sayar da Mama."

Dewey ya yi ja har kunne. "Haba Kawu Harlan! Ni zan hana ku hawa tudu? Matar da ta yi mini wanka? Ba sai an rubuta ba, kun ji daga bakina."

"Kai ba za ka hana ba," in ji Harlan. "Amma da irin tabar da kake zuƙa, wa ya san wanda zai gaje ka baɗi?"

Dewey ya juya wurin Verna. "Mis Verna, ke faɗa masa."

"Ni ba na ba da shawara," ta ce, tana goge tabarau. "Na dai daɗe a nan, ban taɓa ganin mai bincike ya zo ya tambaye ni halin mamaci ba. Lambar shafi suke tambaya."

Mista Ratliff ya yi gyaran murya. Kowa ya waiga. Ya kalli kofinsa ya ce akwai lauya a tsallaken titi, kuma ba ta fita cin abinci sai rana ta take. Ya shige ofishinsa ya ja ƙofa.

Da la'asar suka dawo da sabuwar takarda. Layi ya yi tsawo, amma babu wanda ya yi tsaki da Verna ta sake zagayowa ta hagun Harlan. Dutse, rafi, bishiya, shinge. Sannan rabin eka a kan tudu, da hanyarsa, ga dangin Stamper har abada. Akwai ƙarin layi ɗaya da babu shi a tsohuwar, Harlan ne ya sa lauyar ta rubuta lokacin da Darlene ta fita sayo masa ruwa. Verna ta karanta shi: da wurin kabari ɗaya a gefen hagu na Opal Stamper.

Darlene ta kalli ubanta, hawaye ya zubo mata.

"Zan bi ki Ohio, 'yar nan," ya ce, yana dafa hannunta. "Amma aro na ba ki. In kin gama, ki dawo da ni inda aka rubuta."

Ya juyo ya ƙwanƙwasa teburin da kan sandarsa.

"Yanzu buga, Verna."

Ta buga.