Abin da Ya Rufe Ajin Malam

Gawar Malam ba ta gama hucewa ba maganar ta zaga layinmu: wai ya tono wani abu a cikin Helenanci, harshen Girkawa na dā, ya bar bangaskiya. Hujjarsu ita ce ya rufe ajinsa na coci, kuma ko Fasto ne ya zo dubiya sai a ce barci yake. Har dattawa sun zauna shawara, ko a shiga da shi coci, ko a wuce maƙabarta kai tsaye.

Ni ban yarda ba. Na daɗe a ajin nan, muna bin wasiƙa guda ta manzanni a harshen da aka fara rubuta ta, kalma bayan kalma. Aya ɗaya sai ta cinye mana wata. Uwar Gardama yake kirana. Da ya tono wani abu, ni zai fara kawo wa, ko don ya ga na rasa amsa.

Na ja gwiwoyina zuwa gidan. Matarsa na zaune a ɗakin karatunsa, tana ninke rigunan da ta riga ta ninke.

"Yaya, ke ma kin zo tambaya?"

"Na zo. Ni dai a gabanki zan yi."

Ta tura mini littafin Helenancin. Ya buɗe da kansa a farkon wasiƙar. Layin farko ya yi baƙi, takardar ta siɗe saboda yatsa.

"Tun ciwon bara," ta ce. "Ya tashi, ƙafa lafiya, baki lafiya. Ya buɗe littafin, bai gane harafi ko ɗaya ba. Kullum da safe sai ya zauna nan ya ɗora yatsa, wai ko haruffan za su dawo."

"Fasto fa?"

"Ɗalibinsa ne. Ba ya zuwa sai da tambaya a aljihu." Ta goge ido da bakin zani. "Malam ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Ke kika yi, ba ni ba."

Na saɓa littafin a hammata. Dattawan na kan benci a ƙofar coci, sun gaji da juna. Na ajiye shi a buɗe a cinyar babbansu.

"Malam bai tono komai ba," na ce. "Karatu ne ya ɓace masa."