Inna Nas Ta Hana a Zaɓe Ta

"Riƙe min kujerar nan, Tela, kar ta zame."

Inna Nas ta hau tana haki, ta kama gefen fastar da ke bangon shagonsa, ta yage fuskarta gida biyu. Tela ya saki baki. Tsohuwar ungozomar nan maƙwabciyarsa ce tun yana saurayi, a hannunta aka haifi 'ya'yansa duka, bai taɓa ganin fushinta ba.

"Inna, hotonki ne fa."

"Na sani. Direban motar kamfe da samarin nan suka ba ni ne bakinsa ya suɓuce jiya. Motar ta shugaban jam'iyya mai mulki ce. Fastocin ma 'yan jam'iyyarsa ne suka buga."

Sai a lokacin Tela ya gane. Samarin da suka yi ta sintiri gidanta, suna roƙon ta fito takarar kansila ba jam'iyya, ashe 'yan aike ne. Matan unguwa da suka yi niyyar zaɓen malamin makarantar da 'yan adawa suka tsayar duk sun koma bayanta. Ba za ta ci ba, amma za ta kayar da shi.

Ta je ofishin zaɓe ta janye, aka ce an riga an buga takardun ƙuri'a da sunanta. Sai ta shiga bin gidaje, ga ciwon zuciya, ga kumburin ƙafa. Tela ya rufe shago, ya riƙa bin ta da lema da 'yar kujerar roba.

"Alfarma na zo nema," take cewa a kowace ƙofa. "Kar ki zaɓe ni."

"Haba Inna," in ji wata mai goyo, "ke fa kika cece ni ranar haihuwar wannan."

"To saka min da abin da na roƙa, 'yata. Zaɓi wanda kika ga dama, ban da ni. Tarko aka ɗana da ni."

A hanya Tela ya ce, "Ban taɓa ganin ɗan takarar da ke yaƙi da kansa ba."

"Yau ka gani, kuma kyauta."

Ana gab da zaɓe, da rana tsaka, ta zauna a inuwar wani bango, ta ce ya samo mata ruwa. Ya dawo da kofi a hannu ya tarar ta jingina kai da bangon kamar mai gyangyaɗi. Ya kira ta, ya sake kira. Rai ya yi halinsa.

Ranar zaɓe da yamma aka juye akwatin rumfarsu a kan tebur. Jami'in zaɓe ya ware takardun, na malamin makaranta suka yi tudu. Da ya zo kan sunanta ya duba, ya sake dubawa.

"Babu ko ɗaya," ya ce.

Ba wanda ya tafa. Tela ya tsaya yana kallon wurin da babu komai a kan teburin. Kusa da shi mata suna share ido da yatsun da tawada ta ɓata.