Shirun Minti Goma a Gaban Tsohuwa

Ni na zaɓi ƙaramin jirgin. Ban taɓa musun wannan ba, ko bayan Yaya Randi ta gaji ta daina goranta mini.

Takardun talla biyu ne a kan teburin kicin ɗin Baba ranar, tsakanin butar kofi da farantin bandar kifi. Ɗaya na ɗauke da hoton ƙaton jirgin nan mai hawa goma sha ɗaya da ke tsayawa a gaɓarmu duk Alhamis, daga Mayu zuwa Satumba. Ɗayar kuwa ta Kyaftin Dale Whitlock ce, mai jirgin fasinja ashirin da biyu, wanda ya zo garinmu daga kudu shekara biyu da suka wuce. Dukansu suna kai mutane kallon Tsohuwa. Haka muke kiran tsaunin ƙanƙarar da ke ƙarshen lungun tekunmu. Sunanta na taswira sai a bakin baƙi.

Babanmu, Torvald Bergsnes, ya cika tamanin a wannan watan. Likitan ido a birnin Juneau ya gaya masa ɗan abin da ya rage na ganinsa ba zai kai Kirsimeti ba. Abu ɗaya ya roƙa: ya sake ganin Tsohuwa.

"Babban za ku shiga," in ji Yaya Randi, tana buga takardar da yatsa. "Akwai likita a ciki, akwai kujera, akwai taga. Ka zauna ka sha shayinka ka yi kallo kamar kowane dattijo."

"Daga mil nawa?" Baba ya tambaya.

"Biyu. Bai iya shiga lungun."

"Randi, daga nan zuwa ƙofa ma ba na bambanta ki da firji. Mil biyu kike faɗa?"

Yaya Randi ta ce mini, "Kin ji ko, Sol? Ido ya tafi, bakin yana nan daram."

"Da ban sayar da jirgina ba, wa zan tsaya roƙo? Ina da shekara goma sha huɗu nake saran ƙanƙara a gindinta muna rufe kifi, tun kafin a kawo injin sanyi garin nan."

"A lokacin ba ka shan ƙwayar zuciya sau uku a rana." Ta juyo gare ni, ta sauke murya. "Ke za ki raka shi, zaɓi naki ne. Abu ɗaya dai, Solveig: ki dawo mini da shi da ƙafarsa."

Na dubi Baba. Ya ɗauki takardar ƙaramin jirgin ya kai ta har hancinsa, ya karkata kai gefe kamar kaza, yana neman hoton da gefen idonsa, domin tsakiyar ta riga ta mutu. Da yamma na je ofishin Whitlock na sa sunanmu.

Kwana uku aka yi ana ruwa ba tsayawa kafin ranar tafiya. Da safen da muka isa bakin lungun ruwan ya ɗauke, amma gajimare ya sauko har ya rufe kawunan duwatsu. Babban jirgin na nan a waje yana juyawa a hankali, don masu tagar hagu da na dama kowa ya samu nasa kallon.

"Jama'a, ku ɗaga wa otal hannu!" muryar Whitlock ta fito ta lasifika, yana nufin babban jirgin. "Nan suka tsaya. Mu yanzu muka fara."

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Matarsa Lorraine, wadda ita ce mataimakiyarsa kuma mai girkinsa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure mana rigunan ceto. Ita ba ta yi dariya ba.

Muka kutsa tsakanin bangayen dutse biyu, baƙaƙe, ruwa na zubo musu ta ko'ina. Na zaunar da Baba a benci kusa da ƙofar ɗakin fasinja, inda zan iya jan shi ciki da hannu ɗaya.

"Faɗa mini, 'yar nan," ya ce. "Karnukan teku nawa ne kwance a kan ƙanƙara?"

Na duba da madubin hangen nesa, ina neman dabbobin ruwan nan da ke hawa ƙanƙara su haihu. "Babu ko ɗaya."

"A Yuni? Da 'ya'yansu?"

"Babu, Baba."

Ya juya fuskarsa wajen ruwa. Can ya ce, "Teku ta cika ko ta janye?"

"Ta janye sosai. Ana ganin gansakuka a jikin dutse, ta fi tsayin mutum biyu."

"Uhm."

Muka sha kwanar ƙarshe, sai ga ta. Na sha ganinta tun ina yarinya, amma duk da haka sai da na tsaya ina kallonta. Bango ne daga wannan dutse zuwa wancan, fari da shuɗi, duk ya tsattsage, sama ta ɓace cikin gajimare. Sanyinta ya riga ta isowa. Mutane suka ruga goshin jirgi da wayoyinsu.

Baba ya miƙe, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Kana gani?"

"Fari nake gani. Kamar an shanya zanin gado." Ya koma ya zauna. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. "Bar sama, Sol. Baƙi ne ke kallon sama. Ruwan gindinta fa, wane launi?"

"Ja-ja, kamar kunu. Yana ta ɓulɓulowa daga ƙasa."

"Gutsattsarin ƙanƙara fa?"

"Duk sun matso nan wajenmu. Gabanta fayau yake, kamar an share."

Whitlock kuwa cikin wannan filin da aka share ya shigar da mu. Ya juya jirgin a kaikaice, ya ba bangon gefe, don kowa ya samu wurin hoto.

"To, 'yan uwa, ga abin da otal ba zai taɓa ba ku ba," ya ce ta lasifika. "Al'adarmu ce a wannan jirgi: shirun minti goma. Zan kashe inji, ku ji Tsohuwa tana magana."

Inji ya mutu. Shirun ya faɗo mana kamar bargo. Sai ƙarar ɗigar ruwa, da wani irin nishi can cikin ƙanƙarar, kamar ana taka tsohon katako.

Hannun Baba ya damƙi gwiwata har sai da na ji zafi.

"Wane shashasha ne ya kashe inji a nan?"

"Baba, yi a hankali, ana jinka."

"A ji! Ba a kashe inji a gabanta, ba a kuma ba ta gefe. Goshi waje, inji na aiki, ido a kan ruwa. Ko yaron da ya zo jiya ya san haka a zamaninmu." Ya ja numfashi. "Abin da kike gani sama, akwai ninkinsa uku a ƙarƙashi, ya miƙo ƙafa har ƙasan jirgin nan. Kwana uku kogin ruwan sama na cin gindinta, ga teku ta janye. Ba daga sama za ta zo ba. Tashi ki gaya masa."

"Mu shiga ciki tukuna."

"Ki ja makaho har ciki, ki zaunar da shi, sannan ki hau matakala? Je ki, Solveig! Ina nan, ina zan je?"

Na ruga sama. Whitlock na tsaye a ɗakin tuƙi da kofin kofi a hannu, ya ɗora yatsa a leɓe yana nuna mini agogo.

"Kyaftin, mahaifina ya ce ka tayar da inji ka juya goshi waje."

"Haba, Madam. Tazarar da aka ce a bari, na bari, har da ƙari. Sau ɗari biyu na yi wannan."

"Ya ce daga ƙasa za ta zo."

"Tsohon da ba ya ganin tafin hannunsa ne ya hango ƙarƙashin teku?" Ya yi murmushi. "Ki ce masa in mun koma zan ba shi sitiyari ya ɗana."

Lorraine ta shigo bayana. Ba ta dubi kowa ba, tagar gefe take kallo. Kumfa na tasowa a jikin jirgin, manya-manya, suna fashewa da warin laka.

"Dale," ta ce. "Tayar."

"Saura minti shida, Lorrie."

"Na ce ka tayar, don ubanka!"

Ya murɗa makulli. Inji ya yi tari ya mutu. Ya sake murɗawa, ya kama. Ya karya sitiyari, jirgin ya fara juyawa da nauyi, a hankali, a hankali.

Sai aka ji wata ƙara daga ƙarƙashinmu, ba a kunne ba, a tafin ƙafa. Na leƙa ta tagar baya don in ga Baba. Bencin babu kowa.

Yana can ƙarshen jirgi, shi kaɗai, ya bi ƙarfen gefe da lalube har ya isa inda ya fi kusa da ita. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Baba!"

Tsakaninmu da bangon, teku ta kumbura. Ta yi tudu, tudun ya tsage, wani abu ya ɓullo yana tashi, yana tashi, bai daina tashi ba. Ƙanƙara ce da ba ta taɓa ganin rana ba, shuɗiya har tana neman yin baƙi, sumul kamar gilashi, ruwa na kwarara daga kafaɗunta. Ta wuce tsayin hasumiyar cocinmu. Ta tsaya cak na ɗan numfashi ɗaya, ta rufe mana bangon gaba ɗaya. Sannan ta kwanta.

Ina tsakiyar matakala igiyar ruwan ta iso. Da jirgin na kaikaice kamar ɗazu, da babu mai ba da wannan labari. Rabin juyawar nan ita ta cece mu. Bayan jirgin ya ɗaga sama, ruwa da duwatsun ƙanƙara suka hau dandamalin jirgin, gilasai suka tarwatse, mutane suka zube kan juna suna ihu. Na bugu da ƙarfe, bakina ya cika da jini. Da na ɗago, ƙarfen baya ya lanƙwashe, babu kowa a wurin.

Lorraine ce ta hango jan rigar ceton tsakanin gutsattsarin. Whitlock ya ja jirgin baya, fuskarsa ta yi fari fat, ita kuma ta kwanta rubda-ciki ta saƙalo shi da doguwar ƙugiya. Mu huɗu muka jawo shi. Bai fi minti biyar a ruwan ba, amma wanda ya tashi a garinmu ya san abin da minti biyar ke nufi a can.

Muka yanke tufafinsa da almakashi, muka naɗe shi da duk bargon da ke jirgin, muka kwantar da shi kusa da murhun kicin. Ƙirjinsa na hagu ya yi baƙi inda ƙanƙara ta buge shi. Yana karkarwa har haƙoransa na ƙara.

Whitlock ya sauko daga wajen rediyo, ya tsaya a ƙofa, ya kasa shigowa.

"Jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi ba, gajimare ya yi ƙasa. Babban jirgin zai jira mu a bakin lungu, likitansu ya shirya."

"Minti nawa?"

"Tsohuwa ta cika lungun da ƙanƙara, Madam. Sai dai mu riƙa turawa a hankali. Awa uku."

Na shiga cikin bargon na rungume Baba ta baya, kamar yadda shi ya koya mana. Jikin jirgin na ta gurzar ƙanƙara, ƙurrr, ƙurrr, mu tsaya, mu ja baya, mu sake turawa.

"Da gangan ka aike ni," na ce a kunnensa.

"Da kina nan... da kin ja ni ciki."

"Da na ja ka mana, tsohon banza mai taurin kai."

Ya yi wata ƙaramar dariya da ta koma tari.

"Ka gan ta kuwa?"

"Ta cika mini ido, Sol. Duka. Ban ko karkata kai ba." Ya numfasa da ƙyar. "Shuɗin nan... shekara sittin da shida ina zuwa, sau biyu kawai na gan shi. Wancan karon daga nesa."

Na sa shi ya yi ta magana. Na tambaye shi sunayen jiragen da ya yi aiki a ciki, ya lissafa. Na tambaye shi yadda ya haɗu da Mama a wurin rawar masunta, ya ce ita ta fara taka masa ƙafa. Lorraine na ta canza kwalaben ruwan ɗumi a hammatarsa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta shiga.

Sai karkarwar ta tsaya.

"Kai, zafi," ya ce da wata murya mai laushi, yana ture bargon. "Wa ya hura wuta haka? Cire mini wannan."

Na ɗaga kai, idona ya haɗu da na Lorraine. Ita ma 'yar masunta ce. Ta san in wanda sanyi ya ci ya fara jin zafi, ƙarshe ya matso. Na mayar da bargon na matse shi da hannu biyu.

"Baba, jirgi na huɗu fa? Bayan wanda ya ƙone. Me sunansa?"

Ya faɗi wani abu da ban gane ba. Na sake tambaya. Saura mil ɗaya mu fita daga lungun ya daina amsawa, ni kuwa na ci gaba da yi masa tambayoyi har muka fita.

Inuwar babban jirgin ta rufe tagar kicin ɗin. Suka sauko da kwalekwalen inji, likitar ta tsallako da jakarta, wata doguwar mace mai furfura. Ta durƙusa, ta ɗora yatsu biyu a wuyansa, ta daɗe. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta ƙara daɗewa. Suka danna ƙirjin, suka busa, suka sake dannawa har gumi ya jiƙa mata riga. Daga nan ta dubi agogon hannunta, ta rubuta lokacin rasuwarsa, ta tambaye ni cikakken sunansa da yadda ake rubuta shi.

Na fito dandamali don in sha iska. Hawa goma sha ɗaya a kaina, kowane hawa cike da mutane sun jingina da ƙarfe, suna leƙo mu, wasu na ɗaga mini hannu.