Shingen Wiebke

A ƙungiyar masu ƙananan lambuna da ke bayan layin dogo a birnin Bremen na Jamus, doka ce kowace bazara kwamiti ya zagaya da sandar awo. Duk wanda shingensa na shuke-shuke ya wuce tsayin ƙa'ida har sau uku, sai a karɓe lambun a bai wa na gaba a layin jira. Wiebke ta riga ta sha gargaɗi biyu.

Shekara tara ke nan tana fama. Sai ta yi mako biyu kamar an kunna inji: barci kaɗan, surutu ba iyaka, ta dasa tumatir, ta yi wa maƙwabta fentin rumfa. Daga nan nauyi ya sauko mata. Takan je aikinta a kantin magani, ta gaisa da mutane, amma ɗaga almakashin shinge ya gagare ta. Sai bana likita ya gano cewa ciwo ne mai daɗewa na hawa da saukar yanayin zuciya, ko da yake bai kai babban nau'insa tsanani ba.

Ranar zagaye ta miƙa wa Detlef, shugaban kwamiti, takardar likitan. Ya karanta a bainar jama'a.

"An ce 'mai sauƙi'. Likitanki ya rubuta, ba ni ba."

"Ranka ya daɗe, idan an gwada shi da wani ne. Amma ba ya sakina."

"An taɓa kwantar da ke?"

"A'a."

Gudrun, maƙwabciyarta, ta tuntsire da dariya. "Haba ƙawata! Ba ke kika cashe a kan benci ranar biki ba? Ciwon da ba ya tashi sai ranar askin shinge, don Allah a sam mini."

Sauran ma suka dara. Detlef ya gwada da sandar awo: shingen ya wuce da taƙi guda. Aka ɗaga hannuwa don kaɗa ƙuri'a, aka ba ta zuwa ƙarshen Oktoba ta miƙa makulli.

Bayan kwana huɗu ƙarfin ya dawo mata, ba tare da ta kira shi ba. Ta aske shingen tsaf, ta cire ciyawa, ta ɗaure wake.

Gudrun ta leƙo. "Sannu da aiki. Ashe an warke?"

Wiebke ta san na gaba a layin jira take gyara wa. Ta so ta ajiye almakashin, hannuwanta suka ƙi.