Aikin Cikin Gida

Ranar da kwaleji ta gayyaci Alhaji Almu Tela ya ba da shawara, ranar ce ya rasa matarsa, ko da yake sai da damina ta yi nisa aka kai ta makwancinta.

Shekarar Udoji ce, da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi. Kuɗin mai sun shigo Katsina kamar ambaliya, masinja ya hau babur, akawu ya daina maimaita riga. Shagon Almu a Ƙofar Durbi ba ya rabo da jama'a. Kekunan ɗinki shida ke ruri a ciki, amma ba don su ake zuwa ba. Don wuyan babbar riga ake zuwa: aska takwas da zaren tsamiya, aikin hannu, wanda in ka juya shi sai ka rasa ina ne ciki, ina ne waje. Almu bai taɓa cewa shi ke yi ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. In an matsa masa sai ya ce, "Aikin cikin gida ne." Kowa ya gane, kowa ya yi shiru.

Matarsa Furera ce ke yi. Ta koya wurin mahaifinta, wani maɗinkin riguna a Ƙofar 'Yandaka da Allah bai ba ɗa namiji ba, ya ga gwamma ya miƙa wa 'yarsa allurar da ya tafi da ita kabari.

A shekarar ce kwaleji ta buɗe sashen koyar da ɗinki da zanen tufafi, aka ce a tara masu sana'a su faɗi abin da ya kamata a koyar. Shugabar sashen, Malama Baraka, ba ta tsaya a shago ba. Ta yi sallama har cikin gida, ta wuni a kan tabarma tana kallon yatsun Furera. Da za ta tafi ta ari riga ɗaya, ta ce in kwamiti ya yarda, ɗalibai mata za su riƙa zuwa gida suna koyo, tunda Hajiya ba ta fita.

Da safen ranar taron, Almu na gyara zaman hularsa, Furera ta tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji, Malama ta ce za su tambaye ka."

"To."

"Ban ce ka ƙara gishiri ba. Abin da ka gani kawai."

"Ke ma dai da neman wahala. 'Yan makarantar da ko zare ba su iya zurawa ba?"

"Ni ma ai ba da allura aka haife ni ba," ta ce tana dariya.

Da zai fita ya lura ta sa an shafe ɗakin tsakar gida da farar ƙasa. Sababbin tabarmi na jingine a bango, ko igiyarsu ba a kwance ba.

Ɗakin taron yana da fanka a sama da lemo a kan tebur, ɗalibai kuma sun jeru a baya. Malam Ɗanladi, manaja a wata masaƙa ta Kaduna, shi ya fara. A Ingila ya karanta sana'ar, ya dawo da kwat da wani ɗan tari da yake yi kafin kowace jimla. Ya ce injinansa na fitar da yadin da zai lulluɓe ganuwar Katsina kafin azahar. Alhaji Mamman, dillalin leshi daga Kano, ya ba da labarin yadda ya fara da ɗaukar dila a ka. "Yanzu kuwa, yara, jirgin sama ke yi mini dako." Almu ya faɗi nasa a taƙaice. Kusa da jirgi da Ingila, kekuna shida sun koma kamar kayan wasan yara, kuma shi ya fara jin haka kafin kowa.

Sai Malama Baraka ta shimfiɗa rigar a kan tebur, ta bayyana shirinta.

Ɗanladi ya cire tabarau, ya juya wuyan rigar yana neman inda aka ƙulle zare. Bai samu ba.

"Kai!" in ji Mamman. "Ai na san gidan da wannan ya fito. Alhaji Almu, ba hannun Hajiya ba ne? To bismilla, yaba mana uwargida mu ji. Yau sai na ga Bakatsine ya yabi matarsa a bainar jama'a, in koma Kano in ba da labari!"

Aka fashe da dariya. Ɗalibai suka rufe baki da mayafi.

A nan ya kamata a yi wa Almu adalci, ko da kaɗan ne. Wanda aka haifa a cikin ganuwa ba ya yabon nasa. Ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya buɗe baki gaban yara ya ce matarsa ta iya. In an yabi naka, kai sai ka rage, mai sauraro kuma ya san ya mayar da abin da ka rage.

"Ba laifi," in ji Almu, idonsa a ƙasa. "Aikin mata ne, na rage zaman banza."

Mamman ya kaɗa kai yana murmushi. Ya fahimta. Da a nan aka tsaya, da babu labari.

Amma Ɗanladi ya yi tarinsa. "Alhaji, mu bar wasa. Kai ne masani a wannan fanni, yaran nan kuma aiki za su nema in sun gama. Ka ba mu shawara. A sa wannan cikin karatunsu, ko a sayo musu kekunan surfani?"

Wannan ba tambayar kunya ba ce, Almu kuma ya sani. "A sa" kawai zai ce, ba sai ya ambaci kowa ba. Malama Baraka na kallonsa, har ta fara murmushi. Ya dubi kwat ɗin Ɗanladi, ya dubi agogon zinariyar Mamman, ya ga kansa kamar yadda za su gan shi: telan da ke cin tuwo da yatsun matarsa.

"Keke ya fi sauri," ya ce. "Zamani ya wuce nan."

Aka shiga batu na gaba. Malama Baraka ta naɗe rigar, ba ta sake duban inda yake ba.

Ya bi ta shago ya ɓata lokaci har bayan la'asar, amma rigar ta riga shi isa gida. Furera ta kawo masa abinci, ta durƙusa.

"Sannu da dawowa, Alhaji. Ya taro?"

"Lafiya lau."

"Malama ta zo."

Ya sa hannu a ruwan wanke hannu, ya bar shi a ciki. "Kin san Alhaji Mamman da baki. Ya sa ni a tsakiya, ga yara."

"Wannan na gane. Da ka yabe ni gabansu, da ni ce zan rasa inda zan sa kaina." Ta zuba masa miya. "Na biyun, maganar keken, shi ne ban gane ba. Amma kai ka san zamani, ni ina cikin gida."

Ba ta yi faɗa ba, ko da yake ya so ta yi. Ta gama rigunan da ke hannunta, sannan ta ce idonta ya fara rauni. Idon nan kuwa bai daina tsince tsakuwa a shinkafa ba. Tabarmin ta ba maƙwabta da za su yi suna, ba ta ce a dawo da su ba. Almu ya sayo keken surfani daga Kano. Wasu tsofaffi biyu suka shafa wuyan sabuwar riga suka tafi ba su dawo ba, sauran jama'a ba su ma lura ba. Ciniki ya ƙaru. Shawararsa ta zama gaskiya, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya shirya maganar da zai yi mata. Ya gyara ta a hanyar masallaci, ya sake gyara ta a shago. Kullum in ya shigo sai ya tarar tana tankaɗe, ko tana da baƙi, ko kuma ba ta komai, wanda ya fi wuya. Sai ya ce gobe.

Zazzaɓi ya kama ta da ruwa ya sauka sosai. Ranar da ya ga ba sauran gobe, ya je asibiti da maganar a bakinsa. Ya tarar da yayyenta da gwaggonta sun kewaye gadon. Ya tsaya daga wajen ƙafafu, kamar yadda suruki ke tsayawa.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji."

Ta ci gaba da kallonsa, kamar mai ba shi lokaci. Gwaggon ta gyara mayafi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, suka ce amin, ya fita.

Bayan rasuwarta, kwaleji ba ta daina gayyatarsa ba. Duk shekara yana zama ƙarƙashin fankar nan, ya gaya wa sababbin ɗalibai cewa sirrin sana'a shi ne haƙuri da riƙon gaskiya, su kuma su tafa masa. Maganar da ya kai asibiti ya komo da ita ba ta da tsawo: "Ranar nan ba kunya na ji ba, tsoro na ji. Tun da nake ban taɓa ganin aiki irin naki ba."